Mai Zama a Kan Tanki

Ni na lalata baburin Tibamanya da hannuna, kuma shi ya roƙe ni. Bara ya zo garejina da ke bakin kasuwar Hoima, ya ce gaban baburin yana nutsewa idan ya lodo ayaba daga ƙauye. Na yi masa abin da nake yi wa duk 'yan boda, wato 'yan acaɓa, masu dakon kaya: na zuba baƙin mai mai kauri a shokar gaba, na cusa guntun bututu a kan sifirin. Babur ya sandare kamar taɓarya. Ya tafi yana sa mini albarka.

Ranar Talatar nan sai ga shi ya dawo, ido ja wur.

"Amooti," ya kira ni da sunan girmamawa, "ka cire abin da ka sa."

"Ikon Allah! Ayabar ce ta rame?"

Bai yi dariya ba. 'Yarsa Atugonza, shekararta shida, tana da sikila. Duk wata yakan kai ta asibiti, kuma a kan tanki take zama, tsakanin hannuwansa, don ba ta da ƙarfin riƙe shi ta baya. Wato daidai inda kowane rami yake dukan babur. Daga ƙauyensu Buhimba zuwa gari kuwa hanyar gargada ce tsantsa. Watan jiya kafin su iso ta yi kuka har muryarta ta dishe. Yanzu ta ce gara ciwon da hawa babur. Ranar ganin likita ta zo ta wuce, yarinya na ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa.

Wallahi ni ma ina da jika tsararta.

'Yan tashar boda sun riga sun kewaye mu, don su ba sa jin ana magana su wuce. Kyaligonza, mai bakin tsiya, ya ce, "A saka masa sifirin irin na Kampala mana, mai ruwan zinariya. Yarinya ta gani ta yi murna."

"Rufe mana baki," na ce. "Wannan ƙyalƙyali ne kawai, cikinsa ya fi naka tauri."

Na zaunar da Tibamanya na gaya masa gaskiya. Abu biyu ne. Ko a rage kaurin man a bar bututun, ya ci gaba da lodinsa, yarinya ta sami ɗan sauƙi kaɗan. Ko a fitar da bututun gaba ɗaya, a sa sifirin mai laushi da tsinkakken mai, babur ya riƙa shanye rami. Amma fa daga ranar ya yi sallama da ayaba da gawayi, don da ya taka burki da kaya gaban zai durƙusa, ya kifar da shi.

"To me za ka ci?" in ji Kyaligonza. "Fasinja? Mu nan ma rigima muke a kan tsohuwa ɗaya!"

Tibamanya ya shafa tankin, inda fentin ya goge saboda zamanta. Ya ce, "Sa mai laushin."

Na so in ce ya ƙara tunani, sai na ji kunya. Na kwance shokar, na fitar da bututun, na wanke baƙin man da kananzir, na auna sabon. Ya hau ya danna kan baburin, ya sauka ya taso a hankali, ba ƙara. Ya tafi ko godiya bai yi ba, ni kuma ban ji haushi ba.

Ranar Juma'a da hantsi muna cin ƙwai da gurasar capati, rediyon Kyaligonza na ta ɓaɓatu, sai ga babur ya karyo kwana yana tafe kamar mai bin gawa. Na miƙe da sifana a hannu.

Atugonza na kan tanki, kanta jingine da ƙirjin ubanta, baki a buɗe, miyau ya jiƙa masa riga. Kyaligonza ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, Tibamanya ya ɗora yatsa a leɓe. Hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa.

"Tun daga gada take barci," ya raɗa mini. "Amooti, ba ta taɓa barci a hanyar nan ba."

Kyaligonza ya miƙa hannu ya kashe rediyonsa.