Inci Arba'in da Huɗu

Tana durƙushe tana auna tagar ɗakin yara warin ya sake dukan hancinta. Ƙamshin sabon fenti ne a sama, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai tsami, irin na tsumman da aka manta a bokiti.

Tela ce ita, shekara tara tana ɗinki, kuma yau ta taho da tef ɗin awo a wuya don ta ɗinka labulayen gidan da hannunta. Tun daga mota take zaɓen launi a ranta. Ɗakin 'yarsu Tsuntsuwa shuɗi mai taurari, nasu kuwa ruwan zuma, don idan rana ta faɗo ta cikinsa fuskar mijinta ta yi kyan da ta yi ranar da ta fara ganinsa. Saura sa hannu kawai. Da sunansu su biyu za a sayi gidan, kuma banki ya ce sai an yi masa inshora tukuna.

Daga falo tana jiyo muryar Kawu, ƙanin mahaifiyarta, wanda shi ne dillalin. Yana ta zuba wa ma'aikaciyar inshora zance.

"Malama, dubi bango, kamar ƙwai! Kwana uku ke nan da gama fenti."

"Na gani. A wannan watan na ruwa ake fenti?"

Kawu ya yi dariyar da babu abin dariya a cikinta.

Telar ta miƙe, sai idonta ya sauka kan soket ɗin wuta. A saitin ƙirjinta yake. Ta leƙa ɗakin da ke kusa, haka. Kicin ma haka. Wanda ya saba da yadi ba ya rasa gane inda aka yi faci: ƙasan bangon ya fi samansa ƙyalli, kuma tsakaninsu akwai wani siririn layi miƙaƙƙe, kamar an ja shi da alli. Ta ɗora tef. Inci arba'in da huɗu. Ta koma kicin ta auna. Arba'in da huɗu.

A ɗakin yaran akwai kabad da aka gina a jikin bango. Ta ja ƙofarsa, ta ƙi. Ta sa ƙarfi.

Mai fenti bai shiga nan ba. Fumfuna ta yi baƙi ƙirin a kan katakon, ta yi gashi-gashi. A ƙasa busasshiyar laka ce ta tsattsage, da gawar kwaɗo a baje, da ledoji, da abin da ba sai an gaya mata daga masai ya taso ba. A tsakiyar ƙazantar, takalmin yaro ƙwaya ɗaya, ja, ya kafe a cikin lakar. Ta toshe baki da gefen mayafi, ta fito.

A falo ma'aikaciyar ta shimfiɗa fom a kan murfin jakarta, tana nuna wa mijin taswira a waya.

"Ka ga wannan jan? Layinku ne. Kwari ne, duk ruwan unguwa nan yake gangarowa. Inshorar gobara da sata daban, ta ambaliya daban, kuma sai mun san gaskiya. Tambaya ta bakwai: ruwa ya taɓa shiga gidan nan?"

"Ko ɗigo," in ji Kawu.

"Yallaɓai, ba kai zan rubuta ba, su ne masu saye. Kuma in faɗa muku tun yanzu, idan aka ce a'a, ruwa ya zo muka gano ya taɓa shiga, ko tsintsiya ba za mu biya ba."

"A'a ne," in ji mijin, idonsa a kan fom.

"Abban Tsuntsuwa, zo mana minti ɗaya," in ji telar.

Ta kai shi gaban kabad ɗin. Ta yi zaton zai zabura, ya yi salati, ya riƙe hannunta su fice. Sai kawai ya sa ƙafa ya tura ƙofar ta rufe.

A nan ta gane.

"Ka sani."

"Rage murya, don Allah. Kawu ya gaya mini tun farko. Kina tsammanin a banza gida mai ɗaki uku zai yi wannan araha?"

"Kashin mutane ne fa a cikin kabad ɗin 'yarka."

"Za a wanke! Saurara, masoyiya. Ba kowace damina yake shiga ba. Mu zauna shekara biyu, mu sake fenti, Kawu ya samo mana wani mai saye. Haka mai gidan ya yi, haka wanda ya sayar masa ya yi. Kowa ya fita lafiya."

Ta dube shi. Wannan bakin ne ya taɓa karanta mata wasiƙa mai shafi huɗu a tashar mota, muryarsa na rawa. Yanzu ga ɗan yawu a gefensa, yana lissafa yadda za su shafa wa wata mata fenti a ido. Ta ji kabad ɗin ma ya fi shi tsabta, shi aƙalla bai ɓoye warinsa ba.

Kawu ya leƙo yana murmushi. "'Yar nan, ke da uwarki duk ɗaya, bincike kamar 'yan kwastan. Ni zan cuce ki? Ni da na goya ki?"

"Takalmin wa ne a ciki, Kawu?"

"Wane takalmi kuma? Yara ai sun iya yar da kaya."

Ta wuce shi zuwa falo. Ma'aikaciyar ta miƙo mata biro, amma ta ɗan ja fom ɗin baya, kamar mai ba ta lokaci.

Telar ba ta karɓa ba. Ta je jikin bango ta warware tef ɗinta daga ƙasa. Shekaranjiya ta auna Tsuntsuwa don kayan makaranta, yarinyar tana ta ɗage don ta ƙara tsawo. Ta danna farcen babban yatsa a kan lambar, ta juyo da tef ɗin yadda mijin zai gani.

"Nan kanta yake tsayawa," ta ce. "Talatin da takwas."

Ta ɗaga yatsan zuwa layin fentin, inda ruwan ya kai. Tsakaninsu tazarar tafin hannu ce da ɗan ƙari.

A waje hadari ya fara haɗuwa, iska ta turo warin daga ɗakin yara har falo.

Ta naɗe tef ɗin a hankali, ta jefa a jaka, sannan ta dubi ma'aikaciyar.

"Malama, ta bakin titi za ki bi? Ki rage mini hanya. An kusa tashin su Tsuntsuwa daga makaranta."