Ɗakin Ɗaukar Murya na Baba Louis

Mahfuzu na riƙe da bakin igiyar awo, Baba Louis na ja da baya har ya taɓa bango. Tsawon ɗakin mita biyar da rabi, faɗi huɗu. Mahfuzu, maƙwabcinsa mai sayar da atamfa a unguwar Djamboutou, ya tambaye shi me zai hana a daidaita tsawon da faɗin kowa ya huta. Tsohon ya yi dariya, ya ce ai in suka zo ɗaya, murya sai ta riƙa dukan bango tana komowa har ta dagule. Shekara talatin ya yi yana gyaran na'urori a gidan rediyo.

Waƙoƙin girbi na duwatsun Mora yake son ɗauka. Tun da rikici ya tarwatsa ƙauyensu masu rera su suka ƙare, saura shi kaɗai. Ya sa aka yi bango biyu da tazarar tafin hannu a tsakani, aka cusa auduga, aka liƙe bakin ƙofa da roba don kada ƙarar titi ta shigo.

Ranar da aka gama ya ce wa Mahfuzu, "Alhaji, tsaya waje, zan ƙwala ihu. In ka ji ni, aikin bai yi ba."

Mahfuzu bai ji komai ba. Suka tafa.

A da, kowace la'asar muryar tsohon kan tsallako katanga yana rera waƙa, har Kaltumi matar Mahfuzu ta haddace amshin ba tare da ta san ma'anarsa ba. Yanzu sai ta tsaya da wanke-wanke tana kasa kunne a banza.

Wata Talata Mahfuzu ya ga har magariba ta gabato tsohon bai fito shan iska ba. Ya je ya tura ƙofar mai nauyi, ya same shi a kujera, kansa bisa tebur, na'urar ɗaukar murya na ta aiki. Rai ya yi halinsa.

Bayan an binne shi, 'yarsa Madeleine ta kira Mahfuzu ɗakin, ta kunna abin da aka ɗauka. Waƙa bakwai cif. Ana tsakiyar ta takwas muryar ta sarƙe, sai aka ji ya ce "Alhaji" sau biyu, a hankali. A lokacin da tsohon ke wannan kiran ran Talatar, Mahfuzu na zaune a waje a kan tabarma, jingine da bayan bangon.

Madeleine ta miƙa hannu za ta kashe.

"Bar shi, 'yata," in ji shi.

Suka zauna suna sauraren shirun da na'urar ta ci gaba da ɗauka, shayin da ta zuba musu yana hucewa a kofuna.