Maganin Attahir a Ƙasan Ƙwarya

Tun da Attahir ya kora shanu arewa kiwon damina, matarsa Kaltuma ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta ɗauki taɓarya ta ajiye, ta leƙa rumbu ba ta san abin da take nema ba, ta dawo ɗaki ta tsaya gaban jeren ƙorenta. A ƙasan ƙwarya ta uku maganinsa yake, na wata uku cur, kuma da hannunta ta sa shi a wurin.

Bara ne ciwon ƙirji ya kayar da Attahir a kasuwar Gangara. Aka kai shi Damagaram, likita ya ce kitse ya yi masa yawa a jini, ya ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kullum. Kitse fa! Mutumin da in ya tuɓe riga za ka ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin zaure. Matan rijiya suka samu abin yi. Wata ta ce, "Kaltuma, ɗan abin da ya rage masa ne za ku narkar?" Wata ta ce dama ba a cika ganin hayaƙi a gidan ba. Ta biyun nan ce ta ci mata rai, ita da ta shekara talatin tana zuba masa man shanu har ya kwanta a kan tuwo. Ranar tafiya ya birkice ɗaki yana neman maganin, ta taya shi nema har da ɗaga tabarma. Da rana ta ɗaga ya haƙura ya tafi.

Kwana tara ta daure. A na goma ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zane ta nufi wurin majo, babban ma'aikacin ɗakin shan magani, don dai ta samu wanda zai ce mata abin da ta yi daidai ne.

"Inna, wa ya ce miki ƙwayar nan ramar da mutum take yi?" in ji majo. "Kitsen nan ba a jiki ake ganinsa ba, hanyar jini yake toshewa. Siriri ma yana faɗuwa. Wanda ya taɓa faɗuwa kamar Baba, ba a yanke masa ita. Ina yake?"

 Tsoro ne ya kama ta, sai kuma haushin kanta da ya fi tsoron zafi.

Ta sa aka kira wayarsa sau biyar, babu rezo, layin ba ya shiga. Washegari ta hau motar kasuwa zuwa Tanut, daga nan ta hau wata da ta cika da buhunan gero da tumaki. Duk tsayawar da direba ya yi gaisawa da mutane, ji take kamar ta sauka ta tura motar.

Da la'asar ta isa rijiyar da aka ce nan ya sauka. Tokar murhu kawai ta tarar, da kashin shanu da ya fara bushewa. Wani mai raƙumi da ke shayarwa, Rissa, ya ce shekaranjiya suka ƙara gaba, kuma mota ba ta bin can.

"Lafiya lau ka gan shi, Malam?"

"Na ga yana yawan zama, amma ya ce gajiya ce. Gobe can na nufa, in da saƙo."

Ta kwance bakin zane ta miƙa masa. Rissa ya juya ƙwayoyin, ya cusa a jakar fata.

"Ya ce mana sun ɓace. In ya tambaya ina aka gan su fa?"

Kaltuma ta dubi arewa.

"Ka ce masa ba su taɓa ɓacewa ba, ni na ɓoye. Don girman Allah kada ka bar wurin sai ka ga ya haɗiye ta farko."