Mai Hoto a Gidan Mama Faustina

Emilia tana da ɗan shago a Kafanchan, ta bayan tashar jirgin ƙasa, inda take sayar da garin citta a kwalabe masu jan murfi. Daga gonar mahaifiyarta cittar ke zuwa, a wani ƙauye gaba da Kwoi kaɗan, kuma duk wanda ya taɓa zuba rabin cokali a shayi ya san ba ta wasa ba ce. Matsalar ita ce a Kafanchan kowa yana da ɗan'uwa mai gonar citta. Tallar citta a garin nan kamar kai wa mai rijiya ruwa ne. Masu saye na gaskiya suna Abuja da Legas, cikin waya, waya kuwa ba ta kai ƙamshi.

Ta yi iya yinta. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta jera kwalabe, ta ɗauka da wayarta ta sa a Instagram. Hotunan sun fito tsaf, sai dai ba su da maraba da na duk wata mai sayar da yaji a ƙasar nan. 'Yan tsirarun da suka tanka mata tambayarsu ɗaya ce: ba a haɗa da garin rogo ba? Ta rantse har bakinta ya gaji. Ga shi ta ajiye aikin koyarwa saboda wannan sana'a, ta kuma yi wa kanta alkawari cewa in kakar cittar bana ta wuce shagon bai tashi ba, za ta rufe shi ta koma riƙe alli. Komawar ce take tsoro, don ta riga ta ga fuskar hedimasta ranar da za ta je roƙon a mayar da ita.

Gershon mai hoto, wanda suke coci ɗaya, shi ya duba shafin nata ya yi tsaki. Mutum ne da in ya fara bayani sai ka nemi kujera, amma ya san aikinsa. A taƙaice dai ya ce kwalba ba ta da labarin da za ta ba kowa. Mai shakkar garin rogo ba rantsuwa yake so ba, so yake ya ga gonar, ya ga hannun da ya tsaga cittar, ya ga inda aka shanya ta. Ya ce su je ƙauye ranar Asabar da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi ta ɓata masa haske.

Emilia ta kira mahaifiyarta, Mama Faustina, ta ce za ta zo da mai hoto, su ci gaba da aikinsu kamar kullum, kada a canza komai. Mama ta ce to. Ni da na san Mama Faustina, da an tambaye ni da na ce a sake bincikar wannan amsar, don matar nan ba ta cika amincewa da abu da sauri haka ba.

Suka sauka a Kwoi, suka hau babur zuwa ƙauyen. Tun daga bakin gida Emilia ta ga an canza komai. An share tsakar gida fes, har sawun tsintsiya na nan. Falalen dutsen da ke bayan gida, wanda a irin wannan lokaci ba ka ganinsa don citta, an kwashe cittar ƙaf, an ɗure a buhuna an kulle a ɗaki. Babu wuƙa, babu kwando, ko akuyar gidan an kai ta maƙwabta. Matan da ke taya Mama tsagar citta kuwa ga su nan a jere kan kujerun roba da aka aro daga coci, kowace cikin zanin zumuntar matan coci da farar riga, jaka a cinya, fuska ta sha hoda. Mama na tsakiya, ɗaurin ɗankwalinta ya fi na kowa tsawo, ta matsa ƙafafunta cikin takalmin da ba ta sawa sai Ista da Kirsimati.

Gershon ya fashe da dariya, ya ga ba mai taya shi, ya mayar da ita tari. Aka kawo masa shinkafa da kaza ya zauna yana ci, hasken da ya yi ta wa'azi a kansa yana tafiya.

Emilia ta ja mahaifiyarta ɗaki. Ranta ya ɓaci sosai, kuma ta faɗi abin da ke ranta har da ƙari. Ta ce ba hoton biki ta zo ɗauka ba, ta ce ba wanda zai sayi citta don ya ga mata sun yi layi da jakunkuna, ta ce in so ake ta rufe shago a gaya mata kawai. Mama ta bar ta ta gama, tana zaune a bakin gado tana murza yatsan da takalmi ya matse.

"Emi, ka gama?" Haka Hausar Mama take, mace da namiji duk ka ne. "Ka tuna hoton da aka sa ranar da muka binne babanka?"

Emilia ta tuna. Tana makarantar kwana lokacin da Baba Kumai ya rasu. An birkice gidan nan ana neman hotonsa ba a samu ba, sai guda ɗaya da wani malamin gona ya taɓa ɗaukarsa a kan kunya, da yagaggiyar singileti da fartanya a kafaɗa. Shi aka kai wa mai buga takarda ya yanke, aka sa a fosta, aka sa a takardar addu'a, aka buga a rigunan da dangi suka sa. Ita ma ta sa rigar.

"Mutumin da ya yi katikis yana koyarwa a coci har gashinsa ya yi fari," in ji Mama. "Yana da kwat a akwati. Amma surukai suka zo daga Gwantu suka gan shi da singileti a ƙirjin kowa. Ni ba za a yi mini haka ba. In na shiga wayanka da zanin gona, ranar da na mutu shi yara za su ciro."

Kunya ta kama Emilia, tausayi ya biyo baya, haushin kuma bai gama fita ba, don har yanzu cittar na kulle a ɗaki.

Da aka gaya wa Gershon, sai ya ajiye cokali ya wanke hannu. Surutun nan nasa ya ɗauke. Ya sa aka kai kujerar katako ƙarƙashin mangwaro, ya rataya zani mai duhu a baya, ya gyara wa Mama zaman ɗankwali da ladabi kamar mai yi wa Fada hidima a coci. Bai ce ta yi murmushi ba, ita ma ba ta yi niyya ba. Ta zauna ƙyam, hannu bisa hannu, carbinta na rosari a tsakanin yatsu. Da ya gama da ita sauran matan suka taso ɗaya bayan ɗaya, ashe kowace da irin wannan damuwar ta zo. Kafin a sallami ta ƙarshe rana ta take tsaka.

Ya nuna wa Mama hoton a bayan kyamara. Ta leƙa ta kau da kai, ta ce abin da ke cikin gilashi iska ne, sai ta gan shi a takarda ta riƙe da hannunta. Haka suka koma Kafanchan ba hoton citta ko ɗaya. Emilia na zaune a mota tana ganin mako guda ya tafi a banza ga kaka na ƙarewa.

Asabar ta zagayo suka dawo da hoton cikin firam mai bakin zinariya, na sauran matan kuma a ambulan. Mama ta karɓa, ta goge gilashin da gefen zaninta, ta daɗe tana kallo. Ta ce kunnen ya ɗan fito da yawa, amma ba laifi. Daga nan ta shiga ɗaki, ta fito da tsohon zaninta na aiki da wuƙa a hannu, ta ƙwala wa matan kira su fito da buhuna.

Ranar Gershon bai ce wa kowa ya tsaya ko ya juyo ba. Ya yi ta zagayawa yana durƙuso kamar mai neman allura. Matan suka manta da shi, suka koma tsagarsu da gulmarsu da waƙoƙin zumunta. Ya ɗauki yatsun Mama da ruwan citta ya rina, ya ɗauki wuƙar da wasawa ta cinye ta koma siririya, ya ɗauki dutsen ya rufe da citta har gindin tsauni. Akwai wani hoto da ya ɗauki Mama ta jefa kai baya tana dariyar wata magana, wushiryarta a waje, ɓawon citta a goshinta.

Emilia ta riƙa sa hotunan a shafinta ɗaya-ɗaya, da 'yan layuka a ƙasa: wace ce wannan, me take yi, me ya sa ake tsaga citta kafin a shanya. Ba a wayi gari an yi layi a ƙofar shago ba, kada in yi muku ƙarya. A hankali abin ya zo. Tambayar garin rogo ta ɓace. Wata mai kanti a Abuja, Jacinta, ta ce a aiko mata katan ta gwada, bayan ɗan lokaci ta sake nema. Wasu kuma ba su gama ciniki sai sun ce a gaishe da Mama. Kaka ta wuce shagon na buɗe, Emilia ba ta je wurin hedimasta ba.

Jacinta ce ta kawo shawarar a sa hoton dariyar nan a jikin kwalba. Emilia ta ƙi amsawa sai ta je ƙauye da kanta, ta zauna kusa da mahaifiyarta ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar. Mama ba ta ko ɗago daga tsintar wake ba, ta ce a sa duk wanda ake so, ita yanzu ba ruwanta. Da Emilia ta tashi tafiya, Mama ta shiga ɗaki ta fito da firam ɗin a naɗe cikin sabon zani, ta ɗora mata a hannu.

"Ka ajiye a wurinka, nan ɗakin yana yoyo. Ranar da za a nema, kada ku tsaya birkice gida."

Emilia ta ce, "Mama, ki daina irin wannan magana." Mama ta ce ta yi sauri mai babur na jira.

Ta rungume shi a ƙirji har Kwoi, ta rungume shi a mota har Kafanchan. Yanzu kullum da safe tana zaune a shago tana manna fuskar mahaifiyarta mai dariya a jikin kwalabe, tana jera su a katan. Ɗayan hoton yana ƙasan akwatinta a naɗe yadda aka ba ta, ba ta taɓa kwance zanin ba.