Ranar da Fasto Bai Iso Ba

"Yaya Sa'ida! Ki zo, Baba ba ya gane ni!"

Ina tsaye a ƙofa da takalmi a hannu, ina jira ruwa ya tsagaita in tafi ofis, sai ga Maryamu ta faɗo mana jiƙe sharkaf. Ko ɗaki ban rufe ba. Muka tsallaka kwatar da ta raba gidanmu da nasu, ruwa har ƙauri, baƙi wuluk, yana tafe da robobi. Haka unguwarmu ta New Bell take da damina.

Baba Zakariya'u, mahaifin Maryamu, maƙwabcinmu ne tun ina yarinya. Daga wajen Mokolo, can arewa, ya zo, ya yi gadi a unguwar Bali har ƙarfinsa ya ƙare. Shi Kirista ne, mu Musulmi, amma shi ya goya mahaifina zuwa titi ranar da ya yanke jiki ya faɗi. Akwai wata 'yar majami'ar katako a bayan kasuwa, inda 'yan arewa masu gadi da masu dako suke ibada da Hausa. Fastonsu ɗaya ne, majami'a biyar yake riƙe da su, sai bayan wata biyu suke ganinsa. Sauran Lahadin duka Baba ke tsayawa gaba, shekara goma sha tara.

Muka same shi kwance, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Makon jiya likita ya sallame shi daga asibiti, ya ce a mai da shi gida. An ɗauke wuta, ɗakin duhu kamar ba hantsi ba, ruwa kuma ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ban taɓa zama kusa da mai mutuwa ba, balle wanda ban san abin da ake faɗa masa ba.

Maryamu ta miƙo mini wayarta, ni na kira faston.

"Allô, Pasteur? Daga gidan Baba Zakariya'u ne. Jiki ya tsananta."

"Wayyo! Ina can unguwar Youpwé, 'yata, gawa ce a gabana za mu binne. J'arrive, ina nan zuwa, amma ko mai babur ɗaya bai yarda ya shiga ruwan nan ba. Ku riƙe shi da addu'a."

Da na ajiye wayar sai na ga idon Baba a buɗe.

"Ya zo?"

"Yana hanya, Baba," in ji ni.

Ya gane ba zai iso ba. Ya damƙi hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Tsoron da na gani a fuskarsa har yau ina ganinsa.

"Wa zai tsaya musu ranar Lahadi? Mutum uku na koya wa aikin nan. Ɗaya ya tafi Gabon, ɗaya Yawunde, ɗaya aikin tashar jirgi ya cinye shi, ba Asabar ba Lahadi. In na tafi za su watse, Sa'ida. Za a mai da wurin shagon gawayi."

Maryamu ta durƙusa cikin ruwan tana kuka.

Ya juyo da kai wajenta. "Ɗauko littafin. Karanta mini."

"Baba, a bari Fasto ya zo. Ni mai sayar da kifi ce."

"Tun da idona ya mutu, shekara biyu, wa ke karanta mini ran Asabar in haddace? Wa ke tsai da ni ya ce, Baba, ba haka wurin nan yake nufi ba?" Ya yi tari mai tsawo. "Mutane na cewa wa'azina ya ƙara daɗi. Ina ta hangen waje, ashe kina cikin ɗakina."

Ta ɗauko littafinsu daga kan akwati. Na kunna fitilar waya na haska mata. Ta fara, tana tuntuɓe a kan kalmomin da na tabbata ta sani. Ni kuma ina tawa addu'ar a zuci, don ita na iya. Aka yi wata tsawa da ta girgiza kwanon rufi, na kusa sakin wayar. Maryamu ba ta tsaya ba. Da ta kai ƙarshen shafi ta rufe ido ta yi masa addu'a da kalmominta, ta roƙi a karɓe shi, ta roƙi a cire masa tsoro.

"Amin," in ji Baba, can ƙasa.

Sannu a hankali yatsunsa suka saki nawa. Na daɗe ina kallon ƙirjinsa, ina jira ya sake ɗagawa.

Bayan azahar ruwan ya ɗauke. Mutanensa suka fara zuwa da wanduna a nannaɗe, wani da kakin gadi, wata da goyo. Suka cika ɗakin har ƙofa. Fasto ya kira, ya ce har yanzu hanya ba ta buɗe ba. Kowa na kallon ɗan'uwansa. Wani dattijo mai dako ya cire hula ya ce, "To, wa zai yi mana addu'a?"

Ba wanda ya motsa. Maryamu ta dube ni, idonta jajir, kamar za ta gudu. Sai ta goge hannu a zaninta ta miƙe.

Na ba su wuri. Na ɗauki tsintsiya na fita baranda ina kore ruwan da ya kwanta a bakin ƙofa zuwa kwata. Ta bayan labule ina jin muryarta, tana rawa, tana ci gaba, mazan suna amsa mata a hankali.