Mutuwar Wendell ta Ɗari da Arba'in da Ɗaya

Sau ɗari da arba'in Wendell Haskett ya mutu a Hollywood, kuma ba wanda ya taɓa zuwa gidansa gaisuwa. An harbe shi a kan doki, an harbo shi daga rufin mashaya, an cillo shi ta taga har masu gyaran tagar suka san shi da suna. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi: ya sa baƙar hula, ya tsaya bayan babban mugu yana zare ido, jarumi ya bindige shi kafin tallar sabulu ta biyu. Daraktoci na rububinsa, don a garin kaf ba wanda ya kai shi iya faɗuwa.

Matarsa Opal ce kaɗai ba ta taɓa ganin gwanintar ba. Zamanin silima waje take fita. Da talabijin ta shigo gida, da zarar jarumi ya kai hannu ƙugu sai ta miƙe ta ce za ta duba kofi.

"Wasa ne fa, Opal," yakan ce. "Ga ni kusa da ke ina cin gyaɗa."

"Na sani, tsoho. Ni dai ba zan zauna ina kallo ana rufe maka ido ba. Ranar na nan zuwa, ba sai an yi mini gwaji ba."

Abin yana cinsa a rai, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

A shekarar 1966, bayan furfura ta gama cinye masa kai, aka ba shi matsayin babban mugu a shirin Kyaftin Holloway, wani ɗan leƙen asirin gwamnati a zamanin makiyaya masu bindiga. Shi ne Farfesa Malgrave, wanda zai sace kogi sukutum ya sayar wa ƙasar waje. Ba wanda ya tambayi inda zai ajiye kogin.

Shirin yana da ƙa'idodinsa, kuma ba a taɓa su. Dole a kama Kyaftin a ɗaure shi kafin talla. Dole mugu, maimakon ya harbe shi ya huta, ya tsaya ya karanta masa shirinsa daki-daki har da taswira, sannan ya fita ya ja ƙofa. Dole a sami zarto ko nakiya a cikin maɓallin rigar Kyaftin. Ko dutse ya faɗo masa, gashinsa ba ya hargitsewa. Mugaye kuma iri biyu ne. Wanda jarumi ya durƙusa ya rufe wa ido, ya tafi ke nan. Wanda ya faɗa ruwa aka nuna hularsa tana yawo a kai, kowa ya san zai dawo.

Wendell ya buɗe shafin ƙarshe na rubutun shirin, ya ga an rubuta za a rufe masa ido. Ya ɗauki takardar sai ofishin marubuciyar shirin, Rosalind Teague, mace mai tari da taba a baki, wadda take kashe mutum goma sha biyu kowane mako ba ta ko ɗaga kai.

"'Yata, alfarma na zo nema. Ki jefa ni ruwa."

"Haba dattijo, kai da ake ɗauka don mutuwa? In ka rayu me za mu yi da kai?"

"Sau ɗaya tak. Matata ba ta taɓa kai ƙarshen shirin da nake ciki ba."

Rosalind ta dube shi ta cikin hayaƙi, ta ja keken rubutu. Harsashi zai goge shi a kafaɗa, ya ja da baya taku uku, ya kifa ta bayan madatsar ruwa, inda aka jibge katifu. Sai a nuna hula.

Ranar ya koma gida da fure. "Opal, wannan karon ba inda za ki. Hula ce kawai za ta jiƙe."

Safiyar ɗaukar fim, darakta Sy Lindqvist ya tara kowa ya ja musu kunne. Injin satar kogin da kafintoci suka yi mako uku suna haɗawa zai tarwatse a bayan Farfesa daidai lokacin harbin, kuma guda ɗaya ne, babu na biyu. Wendell ya gwada takun nan uku har sau ashirin. Ya karanta wa ɗaurarren Kyaftin shirinsa da murya mai sa tsikar jiki tashi, ya fita, ya ja ƙofa, ya hau madatsa. Kyaftin ya ciro zartonsa daga maɓalli, ya biyo shi, ya ɗaga bindiga.

Bindiga ta tashi, inji ya tarwatse.

Wendell bai san lokacin da hannunsa ya dafe ƙirji ba. Shekara arba'in jikinsa yana jin wannan ƙarar yana yin abu ɗaya, bai tsaya neman shawarar kansa ba. Gwiwa ta lanƙwashe, ya juya rabin juyi yadda fitila za ta sami fuskarsa, ya zube rigingine a gaban kyamara, ido buɗe, hula na gangarawa a kan busasshen katako. Shi ma ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Kyaftin, da ya ga gawa a gabansa, sai ya yi abin da ya saba. Ya durƙusa ya rufe mata ido.

"Yanke!" Sy ya daka tsalle. "Wendell, tsohon banza, ka kashe ni! Ban taɓa ganin mutuwa mai kyan wannan ba!"

Masu fitila suna tafi, kafintoci suna fito. Wendell na kwance a inda ya faɗi.

"Sy, a sake. Ruwa ya kamata in faɗa."

"A sake da wane injin? Ko kogin za ka sato mana na gaske?"

Rosalind ta tsinci hular, ta kaɗe, ta ɗora masa a kan cikinsa. "Na yi iya nawa, dattijo."

Mako shida yana neman bakin da zai gaya wa Opal, bai samu ba. Ranar Juma'ar da za a nuna shirin ta ci abinci da wuri, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta goge tabarau, ta zauna daram a gaban akwatin talabijin. Ta yi dariya da Farfesa ya baje taswira. Ta ce, "Ji mugu! Ashe haka ka iya magana?" Ta kama hannun Wendell lokacin da Farfesa ya hau madatsa.

Kyaftin ya fara murza maɓallin rigarsa.

"Opal," Wendell ya ce, idonsa na ƙasa. "Tashi ki duba kofi."

"Ai ban ɗora ba. Ka ce yau..."

Ta juyo ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta saki hannunsa, ta cire tabarau ta ajiye a kan kujera, ta shiga kicin. Yana jin ta buɗe famfo har ƙarshe lokacin da bindigar ta tashi.