Gam a Haƙorin Shafa'atu

"Waya ce ita? Ka faɗa mani, Harisu, ɗiyata waya ce da za ka liƙe ta da gam?"

"Inna, na haƙori ne. A jikin kwalin aka rubuta."

"Wa ya karanta? Ba kai kaɗai ba?"

Ni kaɗai ɗin ne. A gidanmu babu wanda ya gama sakandare sai ni.

Shafa'atu, ƙanwata, tana zaune bakin turmi ta danne baki da gefen hijabi. Sati uku tana haka, muna cewa kunyar 'yan mata ce. Da safen nan Inna ta fizge hijabin ta gani: dasashin sama ya kumbura, ya yi toka-toka, yana fitar da mugunya.

Haƙoranta na gaba tun tana ƙarama a waje suke. 'Yan ajinsu zomo suke ce mata. Bara Kawu Rabo ya kai ta Funtua, likitan haƙori ya sa mata ƙarfe: 'yan maɓallai a kan kowane haƙori, da siririn ƙarfe ya ratsa su. Duk wata ake komawa a ɗaure. Da damina ta faɗi hanyar Faskari ta lalace da 'yan bindiga, Baba ya ce babu mai fita daga Ƙanƙara. Wata uku ba ta je ba. Rannan ta gatsa gasasshiyar masara, maɓalli ɗaya ya ɓalle, ƙarfen ya riƙa yankar mata leɓe.

Ni gyaran waya nake a kasuwa. Bilya, wanda ke kawo mana kaya, ya ce yana da gam ɗin haƙori, sabon yayi, wai da ƙurar azurfa a ciki mai kashe ƙwayoyin cuta. Na juya kwalin. Babu sunan kamfani, amma Turancin na gane shi duka. Daɗin ganewar ya hana ni tunani.

Na zaunar da ita a kan benci. Yadda nake wa gilashin waya haka na yi: na zagaye maɓallin da gam, na bi gefen haƙorin har cikin nama, don kada iska ta samu wurin shiga. A sana'armu wanda ya bar kafa shi ne rago.

"Yaya Harisu, ɗaci gare shi," ta ce, tana dariya.

"Haɗiye yawu, ki daina motsi."

Ta haɗiye.

Baba bai yi faɗa ba. Ranar da Inna ta fizge hijabin, ya dawo daga gona, ta nuna masa, ya daɗe yana kallo.

"Mi ya hana ki magana, Shafa?"

"Kada a yi wa Yaya faɗa," ta ce.

Gara a ce ya mare ni.

Washegari muka bi ayarin motoci zuwa Funtua, ni da Shafa'atu da Baba.

Likitan dattijo ne, ba ya ɗaga murya. Ya duba bakin, ya karɓi kwalin, ya sa tabarau.

"Kai ka sa?"

"Ni ne, likita."

"Mu ɗigo ɗaya muke sawa, a tsakiyar haƙori. Abin da ya fito gefe mu goge. Ba ya taɓa nama."

"An ce azurfar tana kashe cuta."

"Akwai masu irin wannan, ana gwada su. Ƙurar tana da ƙanƙanta, ido ba ya ganinta. Masana na ta bincike a kan nawa ke fita daga gam ya shiga jiki, da abin da yake yi in ya shiga. Wancan ma wanda aka san kamfanin da ya yi shi kenan. Wannan naka ban san abin da ke cikinsa ba. Mai yiwuwa ko azurfar babu."

Ya ce cutar ta ci abin da ke riƙe haƙorin, yana girgiɗi. Ba zai tsaya ba. Shafa'atu ta kama hannun Baba. Na fita baranda. Ta ƙofa na ji ƙarar abu ya faɗa faranti.

Haƙorin gaba ne. Wanda ya fi duka miƙewa a cikin shekara guda.

A mota na zauna gefenta. Auduga a bakinta, jini ya ɗan ɓata hijabin. Ba ta juya mani baya ba, shi ya fi ci na. Muna dab da Ƙanƙara ta cire audugar, ta yi magana a hankali, iska na bi ta giɓin.

"Yaya, wannan ƙurar da ido ba ya gani, wadda na yi ta haɗiya, yanzu tana ina a jikina?"